Tsaron katin baƙi a otal mai amfani da sunan babban kamfani

Ɗan'uwa, kana tambaya ko otal ɗin da ke aiki da sunan babban kamfani da manhajarsa ta ajiyar ɗaki zai iya bar wa kamfanin tsaron bayanan katin bankin baƙi. A'a. Muddin kati na ratsa POS ɗinku, a kantar karɓar baƙi ko a wurin cin abinci, ƙa'idar PCI DSS, wato ƙa'idar tsaron bayanan katin banki da manyan kamfanonin kati suka kafa, tana kanku, kuma ku banki zai tuhuma. Ku fara raba intanet ɗin baƙi da layin da POS da kwamfutar kantar karɓar baƙi ke kai. Lambobi ukun nan na bayan kati kada a adana su bayan banki ya amince da biyan, ko a kwamfuta ko a littafin rajista. A nan aka fi yin ɓarna: ma'aikacin dare ya ɗauki hoton kati gaba da baya, ya tura wa manaja ta WhatsApp. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, wanda ya bar aiki a rufe asusunsa na shiga kwamfuta a ranar.

Shi ma babban kamfanin ba ganuwa ba ne. Masu kutse sun shiga tsarin ajiyar ɗakin kamfanin otal-otal na Starwood tun 2014, wani babban kamfanin otal-otal, Marriott, ya sayi kamfanin a 2016 masu kutsen suna ciki, ba a gano ba sai 2018, kuma hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam miliyan 18.4 a 2020. Ku ɗauko yarjejeniyarku ku duba a rubuce wane ɓangaren tsaro kamfanin ya ɗauka, wanne ya bar muku.