Wai Japanawa ma suna da 'yan ruwa?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Yarana ne suke kallon katun ɗin Japan a waya sai na ga wani koren abu mai baki irin na tsuntsu da ƙoƙon kunkuru a baya, wai sunansa kappa a rafi yake zama. Su ma suna da 'yan ruwa ne ko kawai masu katun ne suka ƙirƙiro?
Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikis salam Hajiya. Kappa ya girmi katun nesa ba kusa ba, masu katun kwalliya kawai suka yi masa ya zama abin dariya. A tatsuniyoyinsu na da mugu ne, girmansa bai wuce na yaro ba amma ga ƙarfin tsiya, yana jan yara da dawakai cikin ruwa ya nutsar da su, kuma ba abin da yake so irin kokawar sumo.

Lagonsa a ka yake. Akwai wani ɗan rami a tsakiyar kansa mai riƙe ruwa, in ruwan ya zube shi kenan ƙarfi ya tafi. To kin san Japanawa da gaisuwar rusunawa, wai in kika haɗu da shi ki rusuna kawai, shi kuma saboda ladabi dole ya mayar, ruwan ya tsiyaye. Mugu mai tarbiyya kenan! Wanda aka kama kuwa sai ya hau roƙo, a wasu labaran har ɗorin karaya ya koya wa mutane don a sake shi.

Ni dai a ganina babban aikin kappa shi ne hana yara zuwa bakin ruwa, har yau a ƙauyukan Japan za ki ga allon gargaɗi a gefen rafi da hotonsa a jiki. Mu a Jos ai wannan ba baƙon abu ba ne, ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika a wajen Bukuru da Rayfield sun ci rayuka, kuma an sha cewa 'yan ruwa ne alhali zurfi ne da laka da rashin iya iyo. Ki bar su su yi kallonsu, tatsuniya ce, amma wankan kududdufi kam a'a.

Abincinsa kokwamba, shi ya sa ma suke kiran wani nau'in abincinsu na shinkafa mai kokwamba a tsakiya kappamaki. A da wasu kan rubuta sunayen iyalinsu a jikin kokwamba su jefa a rafi don ya ƙyale su. A garin Tono da ke jihar Iwate, wanda wani marubuci Yanagita Kunio ya buga tarin tatsuniyoyin garin a 1910, akwai wani rafi Kappabuchi, 'yan yawon buɗe ido har lasisin kama kappa suke saya su ɗaura kokwamba a sandar fatsa su zauna jira.