Ɗaura Wa Babur Na Doguwar Tafiya Ƙarfen Kariya: Yaushe Yake Amfani, Yaushe Yake Cutarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da babur Yamaha Ténéré 700 da nake hawa a kwalta da kuma hanyoyin daji. Kwanakin baya ya kwanta da ni a cikin yashi ina tafiya a hankali, robar gefe ta tsage, lagireto kuma ya ɗan lotsa. Ina so in sayi ƙarfen kariya na wani kamfani dabam in ɗaura, amma wani abokina ya ce irin wannan ƙarfe yakan fasa inji idan an faɗi. Shin gaskiya ne? Na ƙasa kaɗai zan saya, ko in haɗa da na sama? Kuma zan iya ɗaurawa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Maganar abokinka tana da tushe, sai dai bai faɗe ta duka ba. Ƙarfen kariya, wato bututun ƙarfen da ake ɗaurawa a gefen babur don ya tare bugu idan an faɗi, yana iya fasa inji, amma galibi hakan yana faruwa ne saboda wurin da aka ɗaure shi da kuma yadda aka ɗaure shi. Irin faɗuwar da ka yi, wato babur ya kwanta ana tafiya a hankali ko ma a tsaye, ita ce ainihin abin da aka ƙera wannan ƙarfe dominsa, saboda haka ina ganin ya dace ka ɗaura, matuƙar za ka zaɓi mai kyau kuma ka ba aikin haƙƙinsa.

Babur ɗinka yana da nauyin da ya ɗan haura kilo 200 idan tanki cike yake, kuma manyan 'yan'uwansa irin su BMW R 1250 GS suna kusan kilo 250. Idan wannan nauyi ya kwanta a kan dutse, ƙarfin bugun ba ya ɓacewa don kawai an sa bututu a tsakani. Dole ya bi ta wani wuri. Aikin ƙarfen kariya shi ne ya fara karɓar bugun, ya sha wani ɓangare nasa ta hanyar lanƙwasawa, sannan ya rarraba sauran zuwa wurare masu ƙwari a jikin firam. Idan ƙafafunsa uku ko huɗu ne a kowane gefe, kuma akwai sandar da ta haɗa na dama da na hagu ta gaban inji, to nauyin yakan rabu, kowane noti ya ɗauki kaɗan. Idan kuwa ƙarfen ya dogara ne da wani ɗan kunne na alminiyam a jikin inji, kuma yana da doguwar ƙafa da ta miƙe nesa da wurin ɗaurin, to ya zama kamar sandar ɓanɓare: bugu kaɗan a ƙarshensa yakan ninku kafin ya isa gindin, kunnen ya ɓalle, baƙin mai ya fara zuba. Wannan shi ne abin da abokinka ya ji labarinsa.

Daga nan ne za ka gane dalilin da ya sa ba na yabon ƙarfe don kawai an ce ba ya lanƙwasawa. Bututun da ya lotsa bayan faɗuwa ya yi aikinsa, domin shi ana kwance shi a sauya, amma gidan inji da firam ba a sauya su cikin sauƙi. Yawancin masu inganci ana yin su ne da bututun ƙarfe mai faɗin milimita 22 zuwa 28, kaurin bangonsa kuma wajen milimita 2. Wasu na baƙin ƙarfe ne da aka yi wa fentin gari aka gasa, wasu na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na farkon yana buƙatar a riƙa shafa masa fenti duk inda ya kuje, na biyun kuma ba ya damun mai shi da wannan. Kamfanoni irin su SW-Motech da Touratech da Hepco & Becker na Jamus, da Givi na Italiya, da AltRider na Amurka, duk suna ƙera wa kowane samfurin babur nasa daban, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ka nema. Ka guji wanda aka ce yana shiga kowane babur, domin irinsa da matsewa a jikin bututun firam yake zama, kuma ranar faɗuwa yakan zame ko ya murƙushe bututun da ya kama. Ka kuma duba shekarar ƙirar babur ɗinka da kyau kafin ka saya, saboda kamfani yakan sauya salansa ko robobin gefe daga shekara zuwa shekara alhali sunan babur bai sauya ba. A wasu baburan ma, kamar Honda Africa Twin, wanda ke da giya mai sauya kanta yana da siffar inji dabam a gefen dama, kuma sau da yawa ƙarfen ɗaya ba ya shiga ɗayan.

Batun na ƙasa ko na sama ba shi da wuya. Na ƙasa yana kare murfin inji da famfon ruwa, na sama kuma yana kare lagireto da robobin gefen tanki. Tun da lagireto ne ya ji rauni a faɗuwarka, kuma fashewarsa a tsakiyar daji tana nufin tafiya ta ƙare, to ka nemi wanda ya hau har ya rufe gefen lagireton. Ka dai sani cewa biyun a haɗe suna iya ƙara wa babur nauyin da ya doshi kilo 10, kuma wanda ke sama za ka ji shi duk lokacin da kake juya babur a wuri matsattse ko kake ɗaga shi daga ƙasa. Idan kana da farantin da ke kare cikin inji, ka tabbatar shi da sabon ƙarfen ba noti ɗaya suke nema ba, domin kayan kamfanoni biyu ba kullum suke zama tare ba.

Akwai abin da nake so ka riƙe kafin mu shiga ɗaurin. Wannan ƙarfe babur yake karewa, kada ka ɗauke shi a matsayin garkuwar ƙafarka. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin California, wanda aka wallafa a 1981 bayan an bi diddigin haɗuran babura 900 a yankin Los Angeles, ya gano cewa raguwar raunin idon sahu da tafin ƙafa da ƙarfen ke kawowa tana zuwa ne da ƙaruwar raunin cinya da gwiwa da ƙwauri. Baburan wancan zamani sun sha bamban da na yau, amma ban ga dalilin da zai sa mutum ya rage ingancin takalminsa ko mayanin gwiwarsa don ya ɗaura bututu ba. Abin da zan yarda da shi kawai shi ne, a faɗuwar sannu ƙarfen yakan bar ɗan rata tsakanin babur da ƙasa, kuma wannan ratar tana sauƙaƙa zare ƙafa da kuma ɗaga babur.

Za ka iya ɗaurawa da kanka idan kana da abubuwa uku: littafin gyaran babur ɗinka, takardar umarnin da ta zo da ƙarfen, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Idan na ƙarshen babu, ka aro ko ka kai wa makanikin da yake da ita, domin hannu ba ya auna abin da wannan aiki yake buƙata. Ka bari inji ya huce sarai, ka tsayar da babur a miƙe a wuri mai daidai, sannan ka shimfiɗa dukan kayan a kan tsumma ka gwada su da hoton da ke takardar, noti bayan noti, washa bayan washa, har da ƙananan zobban da ake sawa don cike rata.

Wurin da ake yawan kuskure shi ne notocin da ke riƙe inji a jikin firam, domin yawancin ƙarafan kariya a nan suke ɗaurewa. Kafin ka taɓa su, ka sa ƙaramin jak a ƙarƙashin inji da guntun katako a kansa, ka ɗaga har ya taɓa kawai ba tare da ya ɗauki babur ba. Ka kwance gefe ɗaya, ka ɗaura, sannan ka koma ɗaya gefen. Wanda ya zare notocin dama da hagu lokaci guda yakan tarar inji ya sauka da milimita ɗaya ko biyu, ramukan sun daina kallon juna, daga nan kuma sai a fara dukan noti da guduma.

Kowane noti ka fara shi da yatsunka, ya shiga zagaye uku ko huɗu ba tare da sifana ba, kuma kada ka ɗaure ko ɗaya tamau sai dukansu sun shiga, ƙarfen yana ɗan motsi a hannunka. Na taɓa karɓar wani babur da mai shi ya ɗaure ƙafafu biyu na farko iya ƙarfinsa, ya ga rami na uku ya kauce da kamar faɗin ƙwayar ashana, sai ya danna bututun da gwiwa ya tura noti a karkace. Da na warware shi, haƙoran ramin ne suka biyo notin waje, siraran zobba na alminiyam masu ƙyalli a naɗe a jikinsa. Aikin awa ɗaya ya koma na sake yi wa rami haƙora. Ƙarfen da aka ɗaure a takure kuma, ko da notin ya shiga lafiya, yana zama ne cikin ja dare da rana, girgizar inji tana cin wurin waldarsa har ya tsage ba tare da an taɓa faɗuwa ba. Idan ramuka sun ƙi haɗuwa bayan ka sassauta komai, to ko ka juya wani sashe ne, ko ka manta zoben cike rata, ko kuma kayan ba na babur ɗinka ba ne. Kada ka faɗaɗa rami a firam, kada kuma ka yi masa walda.

Tsawon noti ma abin lura ne ƙwarai. Sababbin da ke zuwa da ƙarfen sukan fi na asali tsawo saboda kaurin abin da aka ƙara. Idan ka mayar da tsohon, haƙora kaɗan ne za su kama, su kuma ƙwace. Idan ka sa dogo a ramin da bai ɓulle ba, ƙarshensa zai daki ƙasan ramin, sifana ta nuna maka ya ɗauru alhali bai matse komai ba, kuma ƙarin juyi ɗaya yana iya tsaga gidan inji. Ka duba lambar da ke kan noti: 8.8 ko 10.9 ita ke nuna ƙwarinsa, kuma kada ka maye gurbinsa da na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba A2-70 don yana da kyan gani, domin bai kai 8.8 ƙwari ba. A matsayin ma'auni na gaba ɗaya, noti mai kaurin milimita 6 yana ɗaukar wajen Nm 10 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar awo), mai 8 wajen Nm 25, mai 10 kuma kusan Nm 50, amma na riƙe inji lambar da ke littafin babur ɗinka da takardar ƙarfen ce za ka bi, ba wannan ba. Ka ɗiga gam ɗin noti mai matsakaicin ƙarfi, shuɗin nan irin Loctite 243, a inda takardar ta ce. Jan gam ɗin kuwa yana kamawa har sai an gasa shi da zafi kafin ya kwance, kuma ba ka buƙatar hakan a kusa da robobi da wayoyi.

Idan ka gama, kada ka hau tukuna. Ka juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, ka zura yatsa tsakanin bututun da tiyon lagireto, da salansa, da robar gefe, ka ga akwai rata ko'ina, domin inji yana girgiza kuma abin da ya kusa taɓawa a tsaye zai goga a tafiya, tiyon da ake gogawa kuwa wata rana zai huje. Ka taka birki da giya sanye da takalmin da kake hawa da shi, ka kuma duba ko filtan mai zai fita ba tare da an kwance ƙarfen ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin kowane noti da sifanar awo, domin fentin da ke ƙarƙashin washa yakan kwanta ya bar ɗaurin da sako-sako. Idan ka ji wata sabuwar girgiza a matakin ƙafa ko a hannu wadda babu ita a da, ka sassauta dukan notocin ƙarfen, ka bar shi ya zauna inda yake so, ka sake ɗaurewa bi da bi.

Lagireton da ya lotsa kuma ka sa a duba shi kafin ka rufe shi da ƙarfe, musamman kunnuwan da ke riƙe shi, domin idan sun karkace zai matso kusa da bututun fiye da yadda aka tsara. Haka nan duk ranar da babur ya sake kwanciya, ka haska fitila a gindin kowace ƙafa ta ƙarfen ka nemi tsaga a walda ko fentin da ya ɗaye a jikin firam, kuma bututun da ya lanƙwashe har ya kusanci inji ko lagireto a sauya shi, kada a miƙe shi da wuta a mayar.