Yadda za ka nemi bayanin kuɗin ɗakin karatu

Malam, ka tambaya yadda za ka san nawa aka ware wa ɗakin karatun unguwarku a Bauchi, tunda littattafan duk sun tsufa.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka wannan dama, ba sai ka faɗi dalili ba. Rubuta wa hukumar da ke kula da ɗakin karatun takarda, ka faɗi shekarar da kake son bayaninta da kuma ainihin abin da kake nema. Kwana 7 doka ta ba su su amsa.

Kada ka nema da baki, nan mutane ke kuskure. Ka sa a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka, shi ne shaidarka. In sun hana ko sun yi shiru, nemi lauya da wuri, domin kwana 30 gare ka ka kai kotu.