Dokar kulle iri ɗaya, amma wasu sun bi wasu sun bijire: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Lokacin korona na lura ƙasashe da dama sun kafa dokoki kusan iri ɗaya, wato kulle da takunkumi da killace wanda ya kamu. A wasu wuraren an bi ba tare da an ga soja a titi ba, a wasu kuma ko da bulala abin ya faskara. Rashin ilimi ne, ko taurin kai, ko hukuncin ne bai yi tsauri ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da abin da jami'in tsaro yake iya gani da idonsa. Zai iya tare hanya, ya garƙame filin jirgi, ya tarwatsa taro. Amma ba ya ganin magidancin da ya wayi gari da zazzaɓi, ya haɗiyi ƙwaya biyu ya fita aiki. Ba ya kuma wurin sa'ad da ma'aikaciyar lafiya ta tambayi wanda ya kamu, "Da wa da wa ka zauna a 'yan kwanakin nan?" shi kuwa ya ambaci mutum biyu ya ɓoye takwas. Mafi yawan abin da ke tsayar da annoba a bayan ƙofa ake yin sa, inda hukuma ba ta da ido. Saboda haka dole ta dogara da yardar mutane, ko ta so ko ta ƙi.

An auna wannan. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya duba ƙasashe 177, ya tarar makin da aka riƙa bai wa ƙasashe kan shirin tunkarar annoba kafin korona bai nuna wace ƙasa ce za ta fi tsira daga yaɗuwar cutar ba. Abin da ya tafi tare da ƙarancin kamuwa shi ne yarda, kuma kala biyu ce. Masu binciken sun ƙiyasta cewa da kowace ƙasa ta kai Denmak yarda da gwamnati, da masu kamuwa a duniya sun ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari. Da kuma kowace ta kai irin wannan matsayi a yardar mutane da junansu, da raguwar ta kai kusan kashi 40. Ƙiyasi ne, kuma tafiya tare ba ita ce hujjar cewa wannan ya haifi wancan ba, amma tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu abin lura ce. Dalilinta a fili yake. Wanda ya killace kansa kwana goma ko goma sha huɗu, asararsa tasa ce, amfanin kuwa na wasu ne. Zai daure idan ya yi imani maƙwabcinsa ma zai yi masa haka. Ranar da ya fara jin cewa shi kaɗai ke zaune a ɗaki kowa na waje, ranar zai ɗauki takalminsa.

Batun rashin ilimi da ka kawo, abin da ya faru a Laberiya lokacin Ebola ya isa amsa. Ranar 20 ga Agustan 2014 mutanen West Point, unguwar talakawa mai cunkoso a bakin teku a Monrobiya, babban birnin ƙasar, suka tashi suka tarar an zagaye su da waya mai ƙaya da sojoji, babu shiga babu fita. Ba a yi shawara da su ba, ba a tanadi abinci da ruwan da zai ishe su ba. Aka yi arangama, sojoji suka yi harbi, wani yaro matashi ya rasu. Masu hali suka riƙa ba da cin hanci suna ficewa, wato ainihin abin da aka kafa shingen don a hana. Bayan kwana 10 aka janye. Binciken da aka yi a birnin daga baya ya nuna waɗanda ba su yarda da gwamnati ba sun fi ƙin bin matakan kariya, alhali saninsu game da alamomin cutar da yadda take yaɗuwa bai gaza na sauran ba. Sun san cutar sarai. Mai ba da umarnin ne ba su amince da shi ba. Kuma waɗanda suka fi shan wahala a lokacin annobar su ne suka fi nuna rashin yarda, abin da ke nuna yadda mataki mai tsauri yake cinye amanar da mataki na gaba zai buƙata.

Dubi kuma batun gawa, domin nan ne aka fi koyon darasi. Gawar mai Ebola tana ɗauke da ƙwayar cutar sosai, don haka a Monrobiya aka ba da umarnin ƙona gawawwaki. Sai iyalai suka koma ɓoye marasa lafiyarsu a gida, suna binne mamatansu a asirce da hannu tsirara, don kada a ƙona musu uwa ko ɗa. A ƙarshen 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin binnewa cikin kariya da mutunci, wanda aka tsara tare da malaman addini. Ayarin masu binnewa ba ya fara komai sai ya zauna da iyali ya sami amincewarsu. Ana barin dangi su tsaya daga nesa su gani, a yi addu'a, Musulmi a yi masa taimama a madadin wanka a sa masa likkafani, a kuma san inda kabarin yake. Kariyar ba ta ragu ba, safar hannu da ruwan kulorin suna nan. Abin da ya sauya shi ne an daina ɗaukar iyalin mamaci a matsayin cikas.

Akwai kuma abin da mutane ke kira taurin kai alhali aljihu ne. A Isra'ila, a farkon 2020, an tambayi mutane ko za su killace kansu. Idan za a biya su albashin da za su rasa, kashi 94 suka ce za su bi. Da aka cire maganar biya, adadin ya faɗo ƙasa da kashi 57. Mutane ɗaya ne, cuta ɗaya, tambayar ce kawai ta sauya. Ingila ma sai a ƙarshen Satumban 2020 ta fara bai wa masu ƙaramin ƙarfi fam 500 idan an umarce su su killace kansu, watanni shida bayan kullen farko. Indiya kuwa ta sanar da kullen kwana 21 ranar 24 ga Maris 2020 da wa'adin kusan awa huɗu kacal, sai ga ɗimbin 'yan ci-rani a kan manyan hanyoyi suna taka ɗaruruwan kilomita zuwa ƙauyukansu, domin aikin yini ya tsaya kuma babu mota. Mu a ganinmu, duk dokar zaman gida da ba ta zo da amsar "me za mu ci?" ba, rabin doka ce, kuma bai dace a ɗora laifin karyewarta a kan wanda yunwa ta fitar ba.

Sai halin masu kafa dokar, domin gani ya kori ji. A watan Mayun 2020 aka gano Dominic Cummings, babban mashawarcin firaministan Birtaniya, ya yi tafiyar kusan mil 260 daga Landan zuwa Durham ana cikin kulle, kuma bai rasa kujerarsa a lokacin ba. Masu bincike a wata jami'ar Landan da ke bibiyar ra'ayin jama'a sun ga amincewa da gwamnati ta faɗi warwas a Ingila cikin 'yan kwanaki. A Niyu Zilan ministan lafiya David Clark shi ma ya karya doka ya kai iyalinsa bakin teku, amma nan take aka rage masa matsayi, a watan Yuli ya sauka. Kuskure iri ɗaya ne, sai dai jama'a sun ga ɗaya ya biya, ɗaya bai biya ba.

Yarda kuwa tun ran gini tun ran zane. Koriya ta Kudu ta sha kunya a 2015 lokacin cutar MERS, wata cutar numfashi 'yar uwar korona: mutum 186 suka kamu, 38 suka rasu a lokacin, kuma da farko gwamnati ta ɓoye sunayen asibitocin da cutar ta ɓulla, jita-jita ta cike gurbin. Bayan nan aka gyara dokar cututtuka masu yaɗuwa, aka wajabta bayyana bayanai. Da korona ta zo, shugabar hukumar yaƙi da cututtuka, Jeong Eun-kyeong, ta riƙa fitowa tana karanta alƙaluma, masu daɗi da marasa daɗi, kuma ƙasar ba ta yi kullen ƙasa baki ɗaya ba. Wannan salon yana da ƙa'idoji da kowace hukuma za ta iya ɗauka: fuska ɗaya da aka sani, lokaci ɗaya tsayayye, a faɗi abin da aka sani da wanda ba a kai ga sani ba, a kuma sanar tun farko cewa shawara za ta iya sauyawa. Rashin wannan na ƙarshen ne ya yi illa a batun takunkumi. An fara cewa mai lafiya ba ya buƙata, sai Amurka ta sauya a Afrilun 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi a watan Yuni, mutane da yawa suka ɗauka ƙarya aka yi musu tun farko.

Kada dai a ɗauka yarda tana gyara mummunan tsari. Suwidin ta dogara da shawara fiye da tilas, jama'arta kuma sun rage zirga-zirga da kansu, duk da haka tsofaffi da yawa sun mutu a gidajen kula da su, kuma kwamitin da gwamnatin ta kafa ya ce an gaza kare su. Mutane sun bi abin da aka ce, abin da aka ce ɗin ne ya bar ɓaraka.

Hukunci yana da gurbinsa, amma ƙarami ne. Tara tana aiki a kan tsirarun da ke karya doka da gangan a bainar jama'a, kamar mai shirya babban taro, domin tana tabbatar wa masu biyayya cewa ba a mai da su wawaye ba. Idan ta faɗa kan wanda gwaji ya nuna yana da cutar, ko aka riƙa dukan masu neman abinci, sakamakon farko da ma'aikatan lafiya ke gani shi ne layin gwaji ya ragu, marasa lafiya suna isowa asibiti a makare, kuma jerin sunayen da ake bai wa masu bin diddigin waɗanda suka yi hulɗa da mai cutar yana ƙara gajarta.