Amsa ga Mai Koyon Aiki kan Ƙiyasta Darajar Bikin Kasuwar Ukaz

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya hana mu tara abin da jama'a suka kashe a bikin Kasuwar Ukaz, wanda aka farfaɗo da shi kusa da Ɗa'ifa a shekarar 2007, mu ce darajarsa ke nan. Dalilin shi ne cinikin 'yan kasuwa daban, ƙimar da biki yake da ita a zuciyar mutum daban, kuma ta biyun aka aike mu nema.

Baƙo ba ya wahalar da mu sosai, domin aljihunsa ya riga ya yi magana. Wanda ya taso daga Riyad ya sha mai, ya kama masauki, ya bar aikinsa na kwana biyu, ya nuna cewa bikin ya kai wannan kuɗin a wurinsa ko ya fi. Masanin tattalin arziki Harold Hotelling ne ya ba da shawarar wannan hanya a 1947, a kan gandun shaƙatawa na Amurka. Sai dai a ƙasar nan akwai tarko: da yawa Umra ce ta kawo su Makka, suka hau dutse zuwa Ɗa'ifa shan iska, suka leƙa bikin. Idan ka ɗora wa Ukaz kuɗin jirgin mai Umra, ka ɓata lissafin tun daga tushe. Abin da ya ƙara daga Makka kawai za ka rubuta.

Ɗan gari kuwa dole a tambaye shi riyal nawa zai yarda ya bayar duk shekara don kada bikin ya mutu, kuma a nan ake gane gwani. Na taɓa zama da wani dattijo wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka filin ba, amma ya ambaci kuɗi mai tsoka saboda yana son jikokinsa su ji ana rera ƙasidu a inda mawaƙan Larabawa suka yi gasa kafin Musulunci. Maƙwabcinsa, wanda ba ya fashin zuwa, ya ce ko halala ɗaya, wato kwabon Saudiyya, ba zai bayar ba, domin ya zaci haraji muke shirin ƙaƙabawa. Kada ka rubuta sifili a gaban irin wannan sai ka tambayi dalilinsa. Kuma kada ka yi wa magidanci tambayar kuɗi a gaban baƙinsa, domin kunya za ta sa ya ninka adadin. Ka jira a gama shan gahawa, ka keɓe da shi.