Wai Mu Jinin Alwali Ne?

Tambaya: Malam, kakata ta ce mu jikokin Sarkin Kano Alwali ne, ya zan tabbatar? Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Ɗana, fara da lissafi. Alwali ya rasu a Burumburum wajen 1807, to in sunaye huɗu kacal suka kai ka gare shi mai yiwuwa akwai waɗanda aka tsallake, yawanci sukan fi haka. Ka zauna da tsofaffin gidan ɗaya bayan ɗaya, ban da taro don a taro kowa bin bakin babba yake yi, ka yi rikodin a waya tun suna raye. Sannan ka je cibiyar binciken tarihi ta Arewa House da gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna, rahotannin gundumomi na zamanin Turawa sukan kawo salsalar masu sarauta, ka gwada da naka.