Na haɗa wa na'urata GPS, amma agogonta na tsalle

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, Bauchi. A aikina na kammala digiri na haɗa ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi biyu da ƙananan GPS na kamfanin u-blox, ɗaya a harabar jami'ar ta Yelwa ɗaya a ta Gubi, don su riƙa rubuta daidai lokacin da ƙarfin wuta ya faɗi. Na rubuta manhaja da Python tana leƙa fil ɗin PPS, amma lokacin na tsalle da milisakan da yawa. Sai na rubuta direba tawa ke nan, wato manhajar da ke magana da na'ura kai tsaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. GPS ɗinka lafiyarsa ƙalau. Inda kake tsayawa ka duba agogo ne ya yi nisa da ƙofa.

GPS abu biyu yake ba ka. Akwai rubutun NMEA, wato saƙon haruffa da GPS ke aikowa ta layin UART mai tura bayanai bi da bi, wanda ke faɗin wane sakan ne. A gudun bit 9600 a sakan, layi ɗaya mai haruffa 70 yana cin kusan milisakan 73 kafin ya gama shigowa. Sai kuma PPS, bugu ɗaya tak a farkon kowane sakan, wanda kuskurensa bai wuce 'yan gomman nanosakan ba. Kamar tambari ne da mai shela: tambari ya fara kaɗawa, daga baya mai shela ya zo ya ce ga abin da aka kaɗa dominsa. Lokaci na wurin tambari.

To, manhajarka ta Python layi take bi. Linux na raba furosesa tsakanin ayyuka da dama, kuma bugun zai iya zuwa alhali an sauke taka an ɗora wata. Kafin juyi ya zo kanta, an yi sallah ba da ita ba. Shi ya sa ake kai wannan aiki cikin kanel, wato zuciyar Linux, inda direba ke zama. Direba kan nemi fil ɗin ya katse furosesa da zarar wuta ta hau kansa, kuma abu na farko da za ta yi a cikin katsewar shi ne karanta agogo. Na farko, ba na biyu ba. Na sha ganin ɗalibai sun sa layin buga saƙo a gaban karanta agogon don su tabbatar direbar na aiki, da hannunsu suka zuba jinkirin da suke nema su kashe. Ka ɗauki lokaci, ka ajiye, ka fita. Lissafi da rubutu a faifai duk su jira a waje.

Amma ba sai ka rubuta taka ba. Tun 2009 Linux ke da sashen PPS, aikin Rodolfo Giometti, kuma akwai direba mai suna pps-gpio da ke yin daidai abin da na bayyana. Ka kunna ta a config.txt, fayil ɗin saitin Pi, ka nuna mata fil ɗin GPIO 18, za ka ga /dev/pps0 ya bayyana. Gwada shi da manhajar ppstest, sannan ka ba chrony, manhajar da ke daidaita agogo, shi tare da NMEA daga gpsd, manhajar da ke karanta GPS. Yawanci za ka dawo cikin 'yan mikirosakan. Ina dai ba ka shawara ka buɗe rubutun direbar ka karanta, gajere ne, kuma ya fi lacca uku.

Kada ka raina aikin chrony. Kiristal ɗin da ke kan allon Pi, wanda agogo ke ƙirge da shi, yana gudu ko ja da baya gwargwadon zafi. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan kawai yana tara sakan 1.7 a yini. Akwatin da ya sha ranar Afrilu a Gubi da wanda ya kwana cikin sanyin hunturu ba za su yi gudu ɗaya ba, don haka ka rufe allon, ka kauce wa sa shi jikin kwano ko taga. Eriyar ce kawai ke buƙatar ganin sama.

In kuma malaminka ya ce mikirosakan ma ya yi yawa, katsewa ba za ta ƙara fisshe ka ba, domin ita ma tana da nata jinkirin da ke canzawa. Sai ka koma ga ƙaramar furosesa STM32, wadda maƙirginta ke damƙe adadin da yake kai da kansa a daidai lokacin bugun, furosesa ta zo ta ɗauka daga baya. A STM32F103 mai gudun megahaz 72, kowane ƙirge kusan nanosakan 14 ne. Ga auna faɗuwar wutar da ke juyi 50 a sakan, ni dai ina ganin Pi ɗinka ya wadatar. Ka dai tabbatar bugun da ke shiga fil ɗin bai wuce bolt 3.3 ba, don 5 na iya ƙona shi.